Sunan da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Ranar wata Juma'a ta ƙarshen kaka, a shekarar da ƙungiyar makiyayan yankin Bagudo ta fara maƙala wa shanu lamba a kunne, aka nemi shanu bakwai a garken Namadi aka rasa. Da rana tsaka aka tafi da su, lokacin da mazan rugar suke masallaci a Kende. Kafin la'asar labari ya kai Lafagu, kafin faɗuwar rana ya isa Zagga, kuma duk bakin da ya ɗauka sai ya ƙara nasa. Wasu suka ce ɓarayin ƙetare ne daga Benin. Wasu suka ce baƙo ba zai zaɓi bakwai cikin arba'in ido na ganin ido ba, dole akwai hannun na gida.

Ardo ya aika a kira Ango.

Ango mai sawu ya haura sittin a lokacin. Gajere ne, siriri, ba ya son hayaniya. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: a yi ɓatan dabba ko na mutum, a kira shi, ya sunkuyar da kai ya bi ƙasa har inda ta kai shi. Bai taɓa shiga aji ba, wayar da 'ya'yansa suka saya masa ma a kashe take wuni cikin aljihu.

Ya iske Namadi a bakin mashaya yana faɗa kamar zai ari baki. A gefe ga Bunyaminu, makiyayin haya, mutumin Dendi daga ƙetaren iyaka, an ɗaure masa hannu da igiyar maraƙi.

"Shi ne!" in ji Namadi. "Danginai na can sunka taho, shi ya buɗe musu hanya. Wallahi sai na ga alƙali ya sa an yanke hannun wanga mutum."

"A kwance shi tukuna," in ji Ango. "Ina son ya yi mini magana hankalinai kwance."

Bunyaminu bai ɓoye laifinsa ba. Ya ce shanun suna kwance suna tuƙa a inuwa, ya ruga ya sami salla kamar yadda ya saba kowace Juma'a, ya dawo ya tarar da gurbinsu.

"Waɗanne anka ɗauka?"

"Baba, duk bakwai ɗin na marigayi ne. Na Muzammilu, yayan maigida."

"Garke ɗaya ne," Namadi ya katse shi. "Ba wani na marigayi."

Ango ya juya wajen mashayar. Ya cire takalminsa ya rataye a wuya, ya kori mutane baya, ya fara zagaya laka. Abin da ƙasa ta nuna masa bai yi kama da sata irin wadda ya saba gani ba. Shanun da aka kora sukan yi gudu, kofatonsu ya nutse, kashinsu ya warwatsu a hanya. Waɗannan tafiya suka yi a jere, a natse. Sawun mutum ɗaya ne tak, na takalmin roba ɗan ƙarami, kuma kusan ko'ina kofato ya taka a kansa. Ke nan mutumin a gaba yake, shanun suna binsa. Ya bi su har jan titin da ya nufi Tsamiya, inda garkunan kasuwa suka tattake komai, ya tsaya.

Da ya dawo ya dubi ƙafar Bunyaminu, faffaɗa kamar faranti, ya ce wa Ardo, "Wanga laifinai barin kiwo ne kaɗai. A bar shi ya tafi ya ci abinci."

Sauran abin da ya gani kuwa ya bar wa cikinsa.

Washegari al'amarin ya juya. Sakataren ƙungiya ya buɗe kwamfutar ofis don ya fitar da lambobin shanun a raba wa shingayen iyaka, sai ya ga shanun ba sa ƙarƙashin sunan Muzammilu. Tun ranar Alhamis an mayar da su sunan Maliki, dillalin shanu na Lafagu, har an buga takardar wucewa. Kuma da sunan Mutawakkil aka shiga aka yi aikin.

Mutawakkil ɗalibin kwamfuta ne a shekarar ƙarshe a jami'a, ɗan wani masunci a Zagga. Shi ya gina wa ƙungiyar rumbun bayanan nan kyauta, a matsayin aikinsa na kammala karatu: kowace saniya da lambarta, da mai ita, da ranar rigakafinta, don makiyayi ya nuna takarda a shinge ya wuce ba a tsare shi wuni guda ba. Makiyayan da suka yi wata shida suna sa masa albarka su ne suka jawo shi daga kan babur a bakin kasuwa. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an karya masa hannun dama.

Aka je Lafagu aka tarar da shanun bakwai cif a turken Maliki, an zuba musu harawa. Maliki bai gudu ba. Dattijo ne mai furfura, abokin marigayi tun suna samari. Ango ya same shi zaune a kan benci a ofishin 'yan sanda.

"Malam Maliki, wa ya kawo maka su?"

"Amana anka ba ni, Ango. Na rantse ba ni faɗin suna."

"Saye ka yi?"

"Ban saya ba, ba ni saidawa. Kuma ɗalibin ga ba shi da hannu, na hwaɗa musu sun ƙi ji."

"Wa zai ji maganar wanda anka kama da shanu a turke?"

Maliki ya sunkuyar da kai.

Mutawakkil yana ɗakin baya, hannu a ɗaure da tsinke da tsumma, leɓe a kumbure. Ya yi yunƙurin durƙusawa, Ango ya hana shi.

"Ɗana, ka taɓa kiwo?"

Duk da halin da yake ciki sai da ya yi ɗan murmushi. "Baba, ni ko ranar sa lamba daga bayan shinge nake tsayawa. Tsoron ƙaho nake."

"To ya anka yi sunanka ya hito?"

"Kalmar sirri ɗaya ce a ofis, tawa. Ban gama ɓangaren da zai ba kowa tasa ba. Sakacina ne wannan, malamata ta gargaɗe ni har sau biyu. Ranar Alhamis man janareto ya kusa ƙarewa, na tafi saye bayan azahar, na yi kamar rabin awa. Ban kulle ba."

"Wa ke zama kusa da kai in kana aiki?"

"Sakatare. Da masu rigakafi uku, su suke karanto mini lambobi ina shigarwa. Da duk wanda ya zo cajin waya, Baba, ofishin kamar kasuwa yake."

Ango ya tashi zai tafi, Mutawakkil ya kama gefen rigarsa da hannun hagu.

"Baba, akwai abin da sakatare bai gani ba. Shi teburin ya duba, teburi kuwa abin da aka gama kawai yake nunawa. Akwai wani kundi a ƙasa, muna ce masa log. Kowace yamma kwafinsa yana tafiya na'urar jami'a, ni kaina ba ni da ikon taɓa wancan. A je wajen malamata, Dakta Sakinatu. In ni na yi, a can za a gani."

Ango bai fahimci rabin maganar ba, amma ya lura da abu guda: mai laifi ba ya tura ka wurin da za a tona shi da irin wannan ɗoki.

Kafin ya hau mota ya biya ta gidan marigayi. Bukkoki biyu ne a gefen rugar, can nesa da na Namadi. Mariyamu, matar Muzammilu, ta shimfiɗa masa tabarma, ɗiyarta Firdausi ta kawo fura. Firdausi ta kai shekara ashirin da bakwai, aurenta ya mutu ta dawo gaban uwarta, kuma tana cikin masu rigakafin ƙungiya. Ita kaɗai Allah ya bar musu.

"An gan su a Lafagu," in ji Ango.

"Mun ji," in ji Mariyamu.

Ya jira ta tambayi lafiyarsu, ko ta tsine wa ɓarawo kamar yadda kowa yake yi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Shekara nawa da rasuwar malam?"

"Uku, da azumin bana."

"An raba gado?"

Mariyamu ta dubi ƙasa. "Namadi ya ce sai bayan damina. Daminar ta wuce, ya ce sai bayan wata. Yanzu ya kai iyalinai Segbana, ƙetaren iyaka, ya gina gida can. Ya ce in an gama girbi garke zai haye gaba ɗai, ciyawa ta fi yawa."

"Ku fa?"

"Mu ba a ce da mu komi ba."

"Ba ku kai ƙara ba?"

"In kai ƙanen mijina gaban alƙali? Da wane ido zan dubi dangi?"

Duk wannan magana Firdausi tana tsaye a bakin bukka, ta juya baya, tana ta wanke ƙwaryar da ta riga ta fita. Sai da Ango ya miƙe ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba Ango, hannun ɗalibin ga, an ce ya karye?"

"Ya karye, ɗiyata."

Ta ci gaba da wankin ƙwaryar.

Ranar Litinin Ango ya sa rigarsa ta salla ya yi tafiyar rabin wuni zuwa jami'a, da wasiƙar alƙali a aljihu. Aka nuna masa wani babban ɗaki, aka ce Dakta tana darasi. Ya zauna a dandamalin taga yana jira, muryarta tana fitowa sarai. Turanci take yi, amma in ta ga idanun ɗalibai sun yi nauyi sai ta juya Hausa.

"Ku saurara. Aiki a rumbun bayanai ko a yi shi duka, ko kada a yi ko kaɗan. Za ka cire buhun shinkafa daga sito ɗaya ka sa a wani, wuta ta ɗauke a tsakiya. Buhun yana ina? Ba zai yiwu ya ɓace a iska ba. Shi ya sa rumbu ba ya taɓa teburi sai ya fara rubutawa a kundi: ga abin da zan yi, ga yadda abin yake kafin in taɓa. In aiki ya kammala, ya rubuta an tabbatar. In ya lalace, ya bi kundin da baya ya mayar da komai yadda yake. Teburi zai koma kamar ba a taɓa shi ba. Amma kundi? Wa zai gaya mini?"

"Kundi yana riƙe da shi," wata ɗaliba ta amsa.

"Yana riƙe da shi. Har aikin da aka fasa."

Ango ya gyara zama. Wannan kam ya gane.

Dakta Sakinatu mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a saman hanci da alli a gefen hijabi. Da ta karanta wasiƙar fuskarta ta canza. Ba ta san an kama ɗalibinta ba, ta ɗauka zazzaɓi ne ya hana shi zuwa.

"Saura sati uku ya kare aikinsa gaban malamai," ta ce. "Baba, taho mu gani."

A ofishinta ta jawo masa kujera kusa da tata. Shi dai layuka yake gani fari a kan baƙi, kamar jerin tururuwa. Ta yi ta gangarawa, sannan ta tsaya ta sa yatsa.

"Ga Alhamis. Ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu, an mayar da shanu bakwai sunan Maliki, an tabbatar. Wannan shi sakatare ya gani." Ta ɗan matsa sama. "Amma ba shi ne na farko ba. Ƙarfe biyu da minti uku an fara wani aikin, shanun nan dai bakwai, rumbu ya ƙi, ya mayar. Da minti biyar an sake, ya sake ƙi."

"Don mi ya ƙi?"

"Akwai ƙa'idar da Mutawakkil ya sa, kuma daidai ya yi. Ba a ba saniya mai ita sai sunansa yana cikin jerin 'yan ƙungiya. Teburin shanu yana jingine da teburin mutane, in ba a sami mutum a can ba, ba a karɓarsa a nan. Wanda ya zauna ya rubuta sunan da babu shi a jerin."

"Wane suna?"

Ta ɗaga tabarau ta karanta. "Na farko, Mariyamu Muzammilu. Na biyu, Mariyamu Kende. Daga nan minti tara ba a taɓa komai ba. Sannan Maliki."

Ango ya jingina da kujera ya rufe ido. Ya ga minti taran nan kamar yana ɗakin: mutum zaune gaban na'ura, janareto yana tari, kunne yana kan ƙarar babur, ana neman suna ɗaya a duk ƙasar Bagudo da za a iya amince wa.

"Wace ce Mariyamu?" in ji Dakta.

Ya gaya mata. Ta cire tabarau ta ajiye. "Ke nan babu mace ko ɗaya a jerin. Maigida kawai aka rubuta." Ta yi ɗan tunani. "Amma Baba, in wani ne yake son taimakon gidan, da sunan uwa ya ƙi shiga ai zai gwada na ɗiyar. Bai gwada ba ko sau ɗaya."

"Malama," in ji Ango a hankali, "sai in ɗiyar ce zaune gaban na'urar. Ɗiyar Fulani ba ta rubuta sunanta kan dukiya uwarta tana raye."

Dakta ta buga takardun ta sa hannu. Ta ce ba za ta ba shi ya kai ba, da kanta za ta je.

A hanyar dawowa Ango ya yi ta juya al'amarin a ransa a cikin mota. Shekara arba'in yana kamo ɓarayi, bai taɓa jin nauyin abin da ya gano kamar na ranar ba. Ya san Muzammilu. Ya san lokacin da Firdausi take 'yar mitsitsiya tana bin uban nata mashaya, maruƙa suna lasar hannunta. Amma ya kuma ga hannun Mutawakkil.

Ranar Laraba da hantsi alƙali ya sa aka tara kowa a zauren Ardo kafin a shiga kotu. Namadi yana gaba da sandarsa. Maliki da Mutawakkil suna gefe tsakanin 'yan sanda biyu. Sakatare da masu rigakafi suna jikin bango, mata suna daga ƙofa, Dakta Sakinatu a cikinsu da jakarta. Waje kuwa ya cika maƙil, har da waɗanda suka yi dukan.

Ango ya miƙe. Bai iya dogon jawabi ba.

"Allah gafarta malam, abu biyu na gani. Na farko a mashaya. Shanun ga ba kora su anka yi ba, kira anka yi sunka bi. Saniya ba ta bin wanda ba ta sani ba. Ɗalibin ga ɗan masunta ne, ko tunkiya ba ta bin shi."

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

"Na biyu yana hannun Malama."

Dakta ta yi bayani a taƙaice, yadda kowa zai gane: cewa rumbun yana da kundin da ke rubuta har aikin da bai yiwu ba, kuma kwafin da ke hannunta ba wanda ya isa ya taɓa shi daga Bagudo. Ta karanta lokutan. Da ta zo kan sunan, Ango ya ɗaga hannu ya dakatar da ita.

"Kafin a karanta," ya ce, idonsa a ƙasa, bai dubi kowa ba, "wanda ya yi aikin ga yana cikin zauren nan. Na san ba don cikinai ya yi ba. Amma akwai wanda ya kwana huɗu a tsare da karyayyen hannu. Ina roƙon mai shi ya hutar da mu, ya hwaɗa da bakinai."

Namadi ya waiga hagu ya waiga dama. Sai aka ji motsi daga wajen mata.

"Ni ce."

Firdausi ta miƙe, Mariyamu tana jan zanenta, ta zame.

"Ni ce, Allah gafarta malam. Inna ba ta sani ba sai da na dawo. Wata shida ina zaune kusa da Mutawakkil ina karanta lamba, na ga yadda ake yi. Na ji Baffa yana gaya wa mutane ranar Lahadi garke zai haye. In sunka haye, mun rabu da su ke nan. Na so in sa sunan Inna, na'ura ta ƙi. Na sa na Baba Maliki, na kira shanun sunka biyo ni, na kai mishi, na sa shi ya rantse. Bakwai na ɗauka cikin ashirin da ubana ya bari." Ta dubi Mutawakkil. "Na ɗauka in ba a gane ba shi ke nan, in an gane ni za a kama. Ban san sunanai zai hito ba. Da na ji an buge shi na so in taho, tsoro ya hana ni. Kullum sai in ce gobe."

Namadi ya zabura. "Kun ji! Ɓarauniya a cikin gidana! A yi mata abin da shari'a ta ce!"

"Zauna, Namadi," in ji alƙali. Tsoho ne mai sanyin murya. "Shari'ar da kake kira za a yi, duka, ba rabi ba. Ba a yanke hannun wanda yake da haƙƙi cikin dukiyar da ya ɗauka. Ita magajiya ce, uwarta magajiya ce. Kai kuma shekara uku kana riƙe da gadon da ba ka raba ba, kana shirin fita da shi ƙasar. Wannan ma za mu saurare shi yau."

Ya juya wajen Firdausi. "Ke kuma kada ki ɗauka kin fita. Kin shiga amanar da ba taki ba, kin sa ƙarya a rajista, kin bar bawan Allah yana shan wuya kina kallo. Da kin zo nan tun farko, da ba a kai ga haka ba."

"Ta so zuwa," in ji Mariyamu daga ƙofa, cikin kuka. "Ni na hana ta. Shekara biyu tana roƙona."

A makon nan aka raba gadon Muzammilu a gaban shaidu, Namadi ya haye da abin da ya zama nasa. Aka sallami Maliki da gargaɗi. Ƙungiya ta cire Firdausi daga aikin rigakafi, alƙali ya ɗora mata jinyar hannun tare da mutum huɗu da aka tabbatar sun yi dukan. Jami'a ta ɗage wa Mutawakkil ranar kare aikinsa, Dakta kuma ta ce kada ya kuskura ya zo mata sai kowa yana da kalmar sirrinsa.

Abin da ya rage ba na kotu ba ne. Bayan kwana goma Firdausi ta zo gidan Ango ta durƙusa, ta ce tana son zuwa Zagga amma ba ta iya zuwa ita kaɗai. Ya ɗauki hularsa suka tafi.

Gidan su Mutawakkil yana bakin ruwa, taruna a shanye a kan danga, ƙamshin bandar kifi ya cika unguwar. Suka tarar da uban a ƙofar gida yana ɗinkin taru, Mutawakkil yana gefensa da littafi a cinya, yana koyon rubutu da hagu. Firdausi ta zube nesa da su.

Mutawakkil ya daɗe yana kallonta. "Da kin tambaye ni," ya ce, "da na gaya miki abin da ya sa ta ƙi. Minti biyar ne in buɗe wa Inna gurbi." Ya juya biron a hannunsa. "Ni na yafe. Ina jin zafi har yanzu, amma na yafe."

Uban bai ɗago daga tarunsa ba. "Nawa ma ba wuya, ɗiyata. Amma uwarsa Dela kwana huɗu ba ta sa komi a baki ba. Ta je ofishin 'yan sanda da ƙafa, mata suna nuna ta a kasuwa suna cewa ga uwar ɓarawo. Ni ba ni iya yafe miki nata. Tana ciki. Ki shiga ki gaya mata da kanki."

Firdausi ta dubi Ango. Ya gyaɗa mata kai. Ta cire takalminta a bakin zaure ta shiga.

Ango ya zauna a ƙasa ya jawo gefen tarun yana riƙe wa mai gida. Daga ciki aka fara jin muryar Dela, sama-sama, mai zafi, ta daɗe tana yi ba a amsa mata. Sannan aka yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Mutawakkil ya rufe littafinsa ya fara kallon ƙofa. Wani kwalekwale ya wuce, masu shi suka yi sallama, ba wanda ya amsa da ƙarfi.

Can sai turmi ya fara amsawa a tsakar gida, taɓarya ɗaya, da ƙarfi, kamar mai huce haushi a kan gero. Aka jima a haka. Sannan ta biyu ta shigo, da ɗari-ɗari tukuna, har ta kama bugun ta farko, lugude ya daidaita.

Mai gida ya ciji zaren ya tsinke, ya tofar.

"Malam Ango," ya ce, "ba ku tafiya yanzu. An sa muku tuwo."